Mutumin da Yake Duba Mana Iska

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Labarin rasuwar mahaifina, Malam Haruna, ya same ni bayan la'asar a asibitin da nake aikin jinya a Gummi. Ina tsaye a kan wata yarinya da numfashi ya sarƙe mata, ina riƙe mata abin shaƙar magani a baki, waya ta yi ta ƙara a aljihuna. Ban ɗauka ba sai da ƙirjin yarinyar ya saki. Da na duba, sai na ga Baffa Isa ne, ƙanen mahaifina, mutumin da ba ya kiran waya sai da dalili.

"Saudatu, ki taho gida."

"Lahiya, Baffa? Inna ta?"

"Inna na nan. Yaya na. Ya cika."

Na jingina da bango. Na ce, "Ciwon nashi ne ya tashi?"

Ya ce, "Tada mai shi anka yi. Ki taho dai."

Garinmu yana cikin ƙasar Bukkuyum, kuma babu motar da ke bin hanyarsa bayan la'asar, kowa ya san dalili. Sai da gari ya waye na bi motar kasuwa zuwa inda kwalta ta ƙare, na hau babur. Kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa tun jiya. Ban ga fuskarsa ba. Abin da na tarar a tsakar gida shi ne tabarmi, da mata masu gaisuwa, da tarkacen na'urarsa ta duba iska an share an tara a gindin katanga.

A zaman makokin na ji mutane suna ce wa junansu ai fukarsa ce ta tashi, kwana ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare. Jikar malamin allo ce ni, ban taɓa jayayya da ajali ba. Amma ba zan bari a naɗe maganar a haka a ajiye ba. Zan faɗi wane ne Baba, zan kuma faɗi yadda ya mutu, domin waɗanda suka san yadda abin ya faru sun zaɓi yin shiru.

Da fuka aka haife shi. Kakata takan ba da labarin yadda take goya shi ta yi ta zagaya tsakar gida idan gero ya fara bununi, wato lokacin da kan geron ke sakin garin nan mai laushi, shi kuwa yana numfashi kamar ana jan zarto. An kai shi wurin masu magani, kowa ya ce iska ce. Bayan ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya yi boko, ya zama malamin kimiyya a makarantun sakandare, yakan tuna wannan ya yi murmushi ya ce, "Ba su yi ƙarya ba, iska ta. Sai dai ba wadda suke nuhi ba."

Tun ina ƙarama na san katangar gidanmu da 'yan gilasai. Baba yakan shafa musu man basilin ya jera su da safe, ya kwashe da yamma. Na tuna ranar da ya fara ɗora ni a kan kujera in leƙa madubin ƙara girman abu da yake arowa daga makaranta. Gilashin da na rantse babu komai a kansa, sai ga shi cike. Wasu abubuwa ƙulu-ƙulu kamar ƙwan zabi, wasu masu ƙaya kamar ƙarangiya, wasu dogaye kamar ƙananan taɓare.

Ya ce, "Masu kama da ƙwai, garin hure na, na gero da na ciyawa. Masu kama da taɓarya, ɗiyan fumfuna na, irin wadda ka hitowa ga tuwon da anka manta. Duk wanga kin shaƙe shi yau."

Na toshe hanci da hannu biyu. Ya yi ta dariya har tari ya kama shi.

Yana koyarwa a Anka lokacin da gubar dalma ta kashe yara a Dareta. Ya dawo hutu a wannan shekarar ba ya cin abincin kirki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, iyayen yaran suna kallon ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gidajensu kullum, babu wanda ya gaya musu abin da ke cikinta sai da aka fara haƙa ƙananan kaburbura. Daga nan abin da yake yi don ƙirjinsa ya mayar da shi na jama'a. Ya ce wa Inna, "In na san abu na cikin iska ban hwaɗa ba, Allah zai tambaye ni."

Da ya yi ritaya ya dawo gida, aikin ya cika masa rana. Shekarun da ya yi yana duba gilasai sun koya masa halin iskar garinmu. Ya san raɓa tana danne garin fure da sassafe, sai hantsi ya ɗaga ta bushe sannan ya tashi. Ya san ruwa mai ƙarfi yana wanke iska, amma guguwar da ke gabansa tana tayar da komai, kuma idan rana ta buɗe da zafi bayan an kwana ana ruwa, fumfuna takan cika gari. Ya san lokacin furen ƙyasuwa a ƙarshen damina, da abin da iska ke kwasowa idan ta biyo ta fadama. Bai mayar da wannan abin taƙama ba. Bayan sallar asuba yakan tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa wane, "Kada ɗanka shi bi ka gona yau." Ya ce wa wane, "In za ka buɗe ruhewar hatsi, buɗe ka ja baya, bari ta sha iska, ka ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle ga hanci." Ni ma yakan kira ni a Gummi ya ce in tanadi magani, satin nan da nauyi. Sau da yawa kafin satin ya ƙare bencin asibiti ya cika da masu huci.

Yana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa tsayar da sussuka a ƙofar gidan maƙwabcinmu saboda akwai jariri a ɗakin da iska ke kaɗa ƙaiƙayin, suka daɗe ba sa gaisawa. Amma da jaririn ya kamu da tari, Baba ne ya goya uwar da ɗan a babur ya kai su Bukkuyum.

Na'urar ta zo ne ta hannun Dokta Luba, wata tsohuwar ɗalibarsa da ta zama malamar jami'a. Tana bincike a kan abin da mutanen yammacin Zamfara ke shaƙa, ta kafa na'ura ɗaya a Anka, ɗaya a Gummi, ta kawo ta uku gidanmu. Akwati ne na ƙarfe a kan sanda, da wutsiya mai juya shi ya fuskanci iska, da 'yar kafa da yake zuƙar iskar ta ciki, da faifan sola mai ba shi wuta. A cikinsa akwai wani ɗan gare mai juyawa a hankali, an naɗe shi da leda mai danƙo, duk abin da iska ta ɗauko ya manne. Sati-sati Baba yakan cire ledar, ya duba ta a madubi, ya aika wa Dokta abin da ya gani.

Ina so a riƙe wannan da kyau. Kafin a ɗora akwatin a kan soro, Baba ya kai shi ƙofar masallacin Juma'a. Ya kira mai gari da liman, ya kwance shi a gaban jama'a, ya ciro garen ya miƙa aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Ya kawo madubinsa ya ajiye a kan benci, duk mai so ya leƙa. Dattawa sun leƙa, samari sun leƙa. Babu wanda zai tsaya gaban Allah ya ce bai san abin da ke cikin akwatin nan ba.

Sai kuma maganar jan ƙyalle, wanda shawarar Inna ce. Ta ce masa, "Malam, kai ga maza kake hwaɗi, su kuwa kahin su iso gida sun manta. Mu ka riƙon ɗiyan. Yi muna alamar da za mu gani daga cikin gida." Ta yanki wani tsohon zanenta ja ta kalmashe bakinsa. Duk ranar da Baba ya ga iska ta yi nauyi, sai ya ɗaura shi a sandar na'urar. Mata suna hangowa ta saman katanga, su hana masu fuka fita da hantsi, su ɗage casa da sheƙa zuwa wata rana. Damina bayan damina ana haka, har yara suna yi masa waƙa.

Akwai kuma Buba, wani makiyayi da rugarsu ke bayan fadama tun zamanin kakanni. Matarsa tana da fuka mai tsanani. Ranar kasuwa yakan biyo da ƙwaryar nono, su zauna da Baba a zaure yana tambaya. Baba ne ya je har rugar, ya ga ciyawar bukkarta ta yi baƙi da danshi, ya ce a sake ta, a kuma janye shimfiɗarta daga inda ake tara kara. Da al'amura suka lalace a ƙasarmu, aka fara kallon kowane Bafulatani da ido ɗaya, Baffa Isa ya ja Baba gefe.

"Yaya, zamani ya canza. Rage zaman ga da Buba, mutane na magana."

Baba ya ce, "Huhun matar Buba da nawa iri guda na. Abin da ka shaƙe ni, shi ka shaƙe ta. In kore shi in ce mai mi?"

A ƙarshen daminar bana aka yi ruwa mai yawa, gari ya waye da zafi da danshi. Baba ya duba, ya hau ya ɗaura jan ƙyalle kamar yadda ya saba. A ranar ne 'yan bindiga suka tare hanyar wani ƙauye da ke kusa da mu, suka kashe mutane, suka kora wasu daji. Cikin waɗanda aka tafi da su akwai ƙanen Sale, jagoran 'yan sintirin garinmu. Kafin yamma magana ta zagaya: an ga jan ƙyalle a kan soron Malam, an ga Bafulatani a zaurensa ranar kasuwa, akwatin nan mai sola waya ce da yake magana da 'yan bindigar daji. Ban san bakin da ya fara furta ta ba. Na san dai babu bakin da ya tsayar da ita.

Abin da zan faɗa daga nan, daga Baffa Isa na ji shi, kuma yana wurin tun farko har ƙarshe.

Washegari da hantsi, mai gari da liman sun tafi jana'iza a wancan ƙauyen. Sale ya zo da yaransa. Suka hau soro suka jefo akwatin ƙasa, suka farfasa shi da gatari suna neman layin waya. Ba su sami komai ba sai gare da leda. Baba ya fito daga zaure da 'yar shara a jikinsa, ya ce, "Sale, kai ma? Ba kai na ɗora ga madubin ga kana aji ukku ba?" Gaskiya ne. Sale ɗalibinsa ne, ya zauna a ajinsa, ya sa idonsa a madubin, ya ga ƙwayoyin da idonsa. Duk da haka ya ce a tafi da Baba.

A bakin kasuwa akwai wani tsohon sito mai yoyo. Bana mutane sun girbe masara da wuri don tsoron kada a hana su zuwa gona, suka ɗura ta a buhuna ba ta bushe ba, suka jibge a ciki. Ta yi baƙi, ta yi kore, warinta har waje. Baba da kansa ya bi masu ita tun kafin wannan rana yana roƙon a fitar da ita a ƙone, ya kuma hana yara wasa a wurin. Nan suka nufa da shi. Da ya ga ƙofar sai ya turje.

"Sale, kada ka sa ni nan. Ɗaure ni ga iccen can, cikin rana in ka so, ka yi man duk tambayar da kake so. Ɗakin ga kashe ni zai yi."

Sale ya ce, "Hwaɗa man inda sunka kai ƙanena, in bar ka."

"Wallahi ban sani ba. Da na sani da ni zan hwara kai ka."

Suka tura shi ciki, suka sa kwaɗo. Sale ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa da bindiga a cinya.

Abin shaƙar Baba yana aljihun babbar rigarsa a gida. Baffa ya ruga gida, Inna ta lalubo shi ta ba shi, ya dawo da gudu. Sale ya karɓa, ya jujjuya shi, ya jefa a aljihunsa. Baffa ya durƙusa masa, dattijo da furfura a gaban yaron da aka haifa a idonsa.

"Don Allah, don Annabi, tura mai ta ƙarƙashin ƙyaure. Ba sai ka buɗe ba."

Sale ya ce, "In numfashi ya ƙure mai, zai hwaɗi gaskiya."

Wannan maganar ce ba ta barina in yi barci. Bai ce bai san mene ne abin ba. Ya sha ganin Baba yana shaƙarsa a gaban allo. Ya san abin da sito zai yi masa, kuma saboda ya sani ne ya zaɓi siton.

Da farko Baba yana magana ta bayan ƙyauren, yana sake bayanin ƙyallen kamar yana aji: an yi ruwa, rana ta buɗe, ga abin da na gani a leda, ku tambayi matanku. Daga baya maganar ta fara yankewa. Da aka kira azahar ya nemi ruwan alwala, ba a ba shi ba. Baffa ya tashi ya daki ƙofar da kafaɗa, aka buge shi da gindin bindiga, mutum biyu suka riƙe shi. Kuma kasuwa ba ta watse ba. Akwai masu shaguna, akwai masu babura a inuwa, akwai mutanen da Baba ya sha tsayarwa a ƙofar masallaci yana gaya musu yadda za su kare 'ya'yansu. Suna jin hucinsa ta cikin ƙarfe. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun tashi sun bar wurin don kada su ji. Babu wanda ya ce a buɗe.

A garinmu sai an hau tudun makaranta ake samun sabis. Baffa ya yi niyyar ya ruga ya kira ni, ya kira duk wanda zai iya kira. Sai ya ji muryar Baba can ƙasa-ƙasa.

"Isa, kana nan?"

"Ina nan, Yaya."

"To, kada ka tahi."

Bai tafi ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina kansa da ƙyauren, yana yi masa kalmar shahada yana jin ana amsawa da ƙyar, har aka daina amsawa. Dab da la'asar mai gari da liman suka dawo, suka sa aka buɗe. An tarar da Baba kwance rub da ciki, ya kafa bakinsa a 'yar tazarar da ke ƙarƙashin ƙofa. Da sauran rai. Kafin a tayar da babur ya cika a ƙirjin ƙanensa.

Ba na raina abin da ya sami Sale. Ina aikin asibiti, na wanke raunukan harsashi, na ga iyayen da aka kwashe wa 'ya'ya. Har yau ƙanensa bai dawo ba, kuma ina sa yaron a addu'a. Na san tsoro ya yi wa ƙasarmu yawa. Amma 'yan bindiga ba su shigo garinmu ranar nan ba. Mutanen da Baba ya koyar, ya yi wa 'ya'yansu hidima, su suka kama dattijo mai fuka suka kulle shi cikin fumfuna, suka zauna suna sauraro. Tsoro bai hana su sanin abin da suke yi ba.

Bayan addu'ar uku dattawan gari suka zo da Sale. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin Inna, tana ciki bayan labule tana takaba. Wani dattijo ya yi doguwar magana: kuskure ne, zafin rai ne, gari ɗaya muke, a yi haƙuri a bar wa Allah, kada a kai maganar waje a ƙara wa gari masifa. Sale yana zaune kansa a ƙasa. Da dattijon ya gama, aka zuba mana ido ana jiran mu ce mun yafe.

Na ce, "Baba Liman, a yi man izini in yi tambaya guda."

Ya ce, "Yi, ɗiyata."

"Sale, ina abin shaƙar mahaihina?"

Bai ɗago ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro shi, ya ajiye a bakin tabarma. Ashe yana tare da shi tun ranar. Na ɗauka na girgiza, na ji maganin yana motsi a ciki, bai ko yi rabi ba.

Na ce, "Kun ce kuskure na. Kuskure shi na mutum ya yi harbi cikin duhu ya samu ɗan'uwanai. Wanga tun hantsi har la'asar yana aljihunka, Baffa na durƙushe gabanka. Wane lokaci na kuskuren, cikin wunin ga duka?"

Wani ya fara cewa mace ba ta magana haka a gaban manya, liman ya ɗaga masa hannu. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, a hankali.

"Ku tashi ku tahi. Ban ce na yahe ba, ban ce ban yahewa ba. Ku bar ni in gama takabata."

Mun kai ƙara inda ya kamata a kai. An ce ana bincike. Sale yana nan yana zagaya gari da bindigarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne Inna. Tana zaune haka kawai sai ta ce, "Ni na yanki zanen. Da ban ce a yi alama ba." Matar da ta yi tunanin yadda za a kare 'ya'yan maƙwabta ita ke tuhumar kanta, waɗanda suka sa kwaɗon kuwa suna cin tuwonsu suna barci. Nakan ce mata, Inna, zanenki bai kashe kowa ba. Takan gyaɗa kai, amma na san ba ta ji ba.

Buba ya kwashe iyalinsa ya bar fadama tun ranar da abin ya faru, ba mu san inda suka nufa ba. Dokta Luba ta kira ni tana kuka. Ta ce mutumin da ke kula da na'urar Anka ya sauke ta da kansa da ya ji labari, na Gummi ma ya ce a zo a ɗauke, yana da iyali. Ban ga laifinsu ba. Aikin da aka faro don a san abin da ke shaƙe mutanenmu, a san lokacin da za a tanadi magani, ya tsaya cak a duk garuruwan uku. Na koma bakin aiki, kaka ta shigo, ana sussuka ko'ina. Masu huci suna zuwa kamar kullum, sai dai yanzu ba na sanin zuwansu sai sun iso.

Baba ya bar mu da abubuwan da za mu riƙe. Bai taɓa faɗin abin da bai duba ba. Idan aka kawo masa jita-jita yakan ce, "Ka gani, ko ce maka anka yi?" Ba ya wuce mai tari bai tambaye shi tun yaushe ba. Ya koyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ya dawo gida ya ci gaba da koyarwa a ƙofar masallaci ba tare da an sa shi ba. Mutumin da ya cancanci ya mutu a kan shimfiɗarsa ne, iyalinsa kewaye da shi, ƙofa a buɗe.

Ya Allah, ga bawanKa Haruna ya zo maKa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi shahadar da ya yi ta amsawa har muryarsa ta ɗauke. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna. Duk yaron da ya kwana lafiya saboda gargaɗinsa, Ka sa a mizaninsa. Ka haɗa shi da iyayensa da malamansa cikin rahamarKa.

Ya Allah, Ka dafa wa Inna, Ka cire mata nauyin da ba nata ba. Ka saka wa Baffa Isa da alheri, Ka warkar masa da kafaɗarsa da zuciyarsa. Ka tsare Buba da matarsa duk inda suke. Ka dawo da waɗanda ke hannun 'yan bindiga gidajensu lafiya, har da ƙanen Sale. Ka kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, Ka shirye ni da 'yan'uwana mu zama masu yi wa Baba addu'a har ƙarshen ranmu.

Waɗanda suka rufe ƙofar, da waɗanda suka zauna a inuwa suna ji, ban roƙa musu komai ba, ban kuma roƙa a kansu ba. Ba ni da ƙarfin na farko tukuna, Baba kuma bai yi mini tarbiyyar na biyu ba. Na bar su da Kai, ya Allah, domin Kana wurin.

Allah Ya jiƙan Malam Haruna. Amin.